Sunan Tassiou a Cikin Rumbu

Sabha ta Libiya, unguwar Jadid
Farkon watan Maris

Zuwa ga ƙanwata Rabiatou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga fuskar 'yar'uwarsa ba. Ya aiki, ya zafin Yamai, ya maigidanki Seydou da yaran? In kin kira Inna a Tanut ki ce mata ƙafar nan ta warke, ina takawa ba ɗingishi.

Na san za ki ce me ya hana ni aiko miki da murya kamar kowa. Na gwada, na ji ina ta kewaye-kewaye, na goge. Ni in ban ga magana a kan takarda ba, ban san ko na yarda da ita ba. Don haka ga wasiƙa, na ɗauki hotonta da waya.

Kin san ƙungiyarmu ta masu gyaran famfon rijiya a gonakin Wadi Bawanis, wadda aka ɗora mini magatakarda don kawai na taɓa zama a kwaleji. Duk abin da muka sani na aikin nan yana cikin gurup ɗinmu na waya, a muryoyin mutane: yadda ake zaro famfo daga rijiya mai zurfi ba a tsinke waya ba, yadda ake gane ko inji ne ya ƙone ko yashi ne ya toshe, yadda ake haɗa farantan hasken rana. Shekara da shekaru ana zubawa, har neman abu a ciki ya zama neman allura a rijiya. Kwanan baya wani sabon zuwa ya bi wani tsohon bayani a kan akwatin wuta, ya ƙona injin mutane, saura kaɗan ya rasa hannu. Mai bayanin ya gyara maganarsa tun tuni, amma gyaran ya nutse can ƙasa, ba wanda ya gani.

Akwai wata ƙungiyar agaji da ke aikin ruwa a nan. Jami'arsu Malama Khaula ce, 'yar garin nan, injiniya, mai kirki da hanzari. Ta ce za su taimaka mu tattara bayanan nan a manhaja guda wadda ake iya bincike a cikinta, sabon bayani ya hau kan tsoho. Mutanenmu har sun sa wa abin suna, suna ce masa rumbu. Ta ajiye mana guda biyu ta ce mu zaɓa kafin zafi ya kankama, lokacin da famfuna ke mutuwa kamar kaji.

Ta farko babba ce, a intanet take, a wata ƙasa ake ajiye komai. In ka sa murya sai ta mayar da ita rubutu, ta kuma juya shi zuwa Larabci. Ofishin su Khaula ne zai riƙe ta. Ta biyu ƙarama ce, irin wadda kowa ke iya ɗauka kyauta. Sai a dasa ta a tsohuwar kwamfuta a ɗakinmu na Jadid, duk wanda ya zo kusa wayarsa ta kama, ya kwashi abin da yake so ko babu rezo, wato sabis ɗin waya. Ba ta rubutu, ba ta fassara, in ta lalace mu ne da ita.

Akwai kuma abin da ban san yadda zan yi da shi ba. A al'adarmu, duk wanda zai yi bayani sai ya fara da sunansa, da wanda ya koya masa, da inda ya yi aikin. Dattijonmu Tassiou, alal misali, zai ce: "Ni ne Tassiou na Gure. Wannan na koye shi wurin Adamou, Allah ya jiƙansa, shi kuma wani Basudane ya koya masa a Tamanhint. Na yi aikin a gona kaza." In mutum ya tsallake wannan sai a yi masa ca: kai daga sama ka faɗo? Cikin waɗanda ake ambata wasu sun mutu a hamada, wasu an kore su gida, ba abin da ya rage nasu a ƙasar nan sai wannan ambato. Na tambayi Khaula ko babbar manhajar tana da gurbin "wanda ya koya maka". Ta ce gurbin marubuci ne kawai, guda ɗaya.

Na raba shafi biyu na jera amfanin kowacce. A takarda babbar ta yi rinjaye. Amma hankalina bai kwanta ba, kuma ban sani ba ko dalili gare ni ko tsoron abin da ban iya ba ne kawai. Ke ce kwamfuta aikinki. Ki faɗa mini gaskiya, kada ki lallaɓa ni.

Ki shafa mini kan yaran. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayanki,
Mainassara

*

Yamai
Tsakiyar Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna ta ji saƙo ta yi hamdala. Seydou ya ce a tambaye ka ko har yanzu kana rubuta abin da ka ci da rana a littafin nan naka. Na ce masa har da yawan gishirin.

Ka ce kada in lallaɓa ka, to ga ta: ku ɗauki babbar.

Kwamfuta ɗaya a ɗaki ɗaya a Sabha, cikin zafi da ƙura da wutar da ke zuwa in ta ga dama, wannan ba rumbu ba ne, kasko ne a kan kai. Ranar da ta faɗi komai ya tafi. A wurin aikinmu abin da ke ajiye wuri guda muna ɗaukarsa kamar babu shi. Kuma in ta mutu wa zai tashe ta? Kai da ka kira ni ina tsakiyar aiki don wayarka ta koma Sinanci?

Babbar tana da masu kula da ita. Tana riƙe tsohon bayani da sabo, ta nuna wanda ya fi sabunta, wato daidai ciwon da ya kusa cinye hannun mutuminku. Maganar gurbin malami kuwa ƙaramin abu ne. Irin waɗannan manhajoji ana ƙara musu gurbi, ka ce wa Khaula ta ƙara, aikin shan shayi ɗaya ne. Ba ta yi tunaninsa ba ne don ba a taɓa tambayarta ba.

Kada ku yanke a kan takarda. Ka nemi ta buɗe maka ta gwaji, ka zuba muryoyi kaɗan, mutanenka su taɓa su gani.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. Akwai wurin da za ta tambaye ka su wa za su iya gani. Kada ka wuce wurin nan da gudu. Ka taƙaita ga 'yan ƙungiyarku kawai, sauran a bari sai an zauna.

Kuma Yaya, ka rage zargin kanka. Mutane ba su ba ka magatakarda don kwaleji ba, sun ba ka ne don kai kaɗai ne ba ka mantuwa.

Yara suna gaida Kawu. Houda ta ce dabinon da ka aiko ya ƙare tun ran da ya zo.

Ƙanwarka,
Rabi

*

Sabha
Farkon Afrilu

Rabiatou,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna ƙalau. Ni jikina lafiya, sauran kuma ga shi.

Na yi yadda kika ce. Khaula ta buɗe ta gwaji, ta ƙara gurbin malami ba gardama, na zuba muryoyi. Mutane sun ji daɗi. Nasirou, ɗaya daga cikin matasanmu masu zafin kai, da ya ga maganarsa ta fito da Larabci sai ya ce ashe shi ma muhandis ne, wato injiniya, bai sani ba.

Wurin da kika ja mini kunne ban wuce shi da gudu ba. Na kai shi taro ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, na ce ƙanwata ta ce mu taƙaita ga junanmu.

Nasirou ya ce, "Wato mu kulle ilimi?"

Na ce, "Ba kullewa ba ce, taƙaitawa ce."

Ya ce, "Magatakarda, ƙofa ko rabi ka rufe ta sunanta rufaffiya. Malamai sun faɗi abin da ke jiran mai ɓoye sani."

Tassiou ya ce ranar da Adamou ya koya masa bai tambaye shi takarda ba, bai tambaye shi ɗan wace ƙasa ba. Aka yi ta gyaɗa kai. A wurinmu rowar sani ta fi rowar abinci muni, ke ma kin san haka tun gida. Na dawo na buɗe wa duk abokan aikin ofishin su Khaula. Ban tsaya na tambayi su waye abokan aikin ba. Ashe har da masu gonaki.

Tassiou a gonar wani Haj Hudaifa yake, kuma Haj ne ke riƙe da jawaz ɗinsa, wato fasfo, kamar yadda da yawansu ke yi. Haj yana da maƙwabcin da ba sa ga maciji, don rijiyar maƙwabcin ta fi tasa zurfi, yana ganin tana janye masa ruwa. Cikin muryoyin da na zuba akwai wadda Tassiou ke bayanin yadda ya ta da famfon wannan maƙwabci wata Juma'a. Sunansa, sunan gona, komai, ga shi da Larabci tsaf. Ɗan Haj ya gani ya kai wa ubansa.

Yadda Tassiou ya ba ni labari, Haj ya same shi a bakin rijiya ya ce, "Ina ciyar da kai kana shayar da abokin gabata?"

Tassiou ya ce, "Haj, Juma'a ranata ce. Kuma shukar mutumin ce ke mutuwa, ba gabarku ba."

Haj ya sa aka watso kayansa waje. Jawaz kuma ya ce sai ya ga dama. Tassiou ya iso Jadid a bayan motar ciyawa, kwance, don a shingen bincike ba shi da abin nunawa. Yanzu yana ɗakina. Ba ya iya fita inda ake tsayawa neman aikin yini. Mutumin da ya haura sittin yana zaune yana gyara mini fanka da ba ta lalace ba.

Khaula ta rufe komai a take, ta zo har ɗaki da kanta ta ba shi haƙuri, ta ce laifin har da nata tun da ba ta duba bayana ba. Ta je wurin Haj, bai saurare ta ba. Yanzu ofishinsu ya kafa doka: za a ci gaba da rumbun, amma ba suna, ba gari, ba gona, ba malami. Za a yanke farkon kowace murya, kowane mutum a ba shi lamba. In ba haka ba, ba za su sa hannu ba. Ba mugunta ba ce, Rabi. Ta ce ba za ta iya kwana da tunanin wani ya sake rasa wurinsa ta dalilinta ba.

Ina ganin gaskiyarta. Ina kuma ganin ni ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya yi gardama, tun da yatsana ne ya taɓa wurin. Amma duk sa'ad da na zo rubuta mata "mun yarda", sai hannuna ya ƙi.

Kada ki gaya wa Inna. Ki yi mana addu'a.

Mainassara

*

Yamai
Afrilu

Yaya,

Na karanta. Ba zan ce na faɗa maka ba, don ka riga ka faɗa wa kanka fiye da yadda zan iya.

Ku yarda da dokar Khaula. Ku cire sunayen.

Matattu ba sa buƙatar suna a kwamfuta, addu'a suke buƙata, kuma ba wanda ya hana ku yi musu. Masu rai ne ke buƙatar wucewa shinge lafiya. Ka tsaya ka duba abin da kuka tara: sunan mutum, garinsu, gonar da yake, muryarsa. Rabinku ba ku da ikama, takardar izinin zama. Wanda ke neman ku da sharri ko shekara ya yi yana bincike ba zai haɗa abin da kuka haɗa masa da bakinku ba. Wannan karon mai gona ne mai fushi. Gobe wa ya sani?

Kada kuma ka ce za ku gudu zuwa ƙaramar don ku tsira da sunayenku. Kwamfutar da ke ɗaki ana shiga a ɗauke ta kamar tukunya. Kuma ɗakin wa? Naka. Sunan wa ke sama a matsayin mai kula? Naka. Inna ɗa namiji guda gare ta, ban ga dalilin da za ta rasa shi saboda gaisuwar da ake yi kafin a yi maganar famfo ba.

Bayanin da ke ceton hannun mutum shi ne "kashe wuta kafin ka buɗe akwati". Wannan gaskiya ne ko Tassiou ya faɗa ko lamba ta faɗa.

Ka gaida Baba Tassiou, ka ce ina jajanta masa da zuciya ɗaya. Amma ka karanta masa wannan wasiƙar duka, kada ka tsallake inda ya yi ɗaci. Na san halinka.

Rabi

*

Sabha
Ƙarshen Afrilu

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta masa duka, ban tsallake ko harafi ba. Ya saurara yana tauna asuwaki.

Kafin taro na yi gwaji, don ba na son in yi gardama a kan abin da ban gani ba. Na ɗauki wata muryar Tassiou na yanke farkonta, na sa mata lamba, na kunna wa jama'a. Kowa ya san muryar, ga mai ita zaune a tsakiyarmu. Aka saurara har ƙarshe. Sai Nasirou ya ce, "Allah sarki, marayan bayani."

Amma ba duka aka taru a gefe ɗaya ba. Sallaou, wanda matarsa da 'ya'yansa ke nan Sabha tare da shi, ya miƙe ya ce shi a cire nasa. Ya ce, "Ku gwauraye ne a garin nan, in an kama ku kanku kaɗai aka kama." Nasirou ya fara yi masa ba'a, Tassiou ya ce, "Rufe bakinka, yaro. Ranar da ka haihu ka zo ka yi magana." Wani kuma ya kawo abin da ban yi tunani ba: ya ce shi da suna yake auna bayani. In ya ji Tassiou ne, ya bi ido rufe. In ya ji Nasirou ne, sai ya sake tambaya. Aka yi dariya, har shi Nasirou.

Abin da aka tsayar: mai rai shi ke da ikon sunansa, ya bari ko ya cire. Na matattu da waɗanda aka kora ba mai taɓawa, don ba mu da wanda za mu nemi izini wurinsa. Na kai wa Khaula wannan, ta ce ofis ba ya raba doka biyu. Wato in muna son haka, sai ƙaramar, mu kaɗai.

Tassiou ya ce in rubuta miki nasa. Ga shi yadda ya faɗa, ban gyara ba:

"'Yata Rabi, ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Na ji maganarki, maganar mai hankali ce. To ji ta tsoho. Sunana da hotona suna cikin durowar Haj, ya kulle. A shinge in an tsayar da mu, ba a tambayar sunana, 'kai' ake ce mini, ko 'yaro', da furfurata. A gona shekara nawa Haj yana kirana da sunan wanda ya riga ni aiki a wurin, don ya ce ya fi sauƙi a bakinsa. Wuri ɗaya ya rage a ƙasar nan inda nake buɗe baki in ce ni ne wane, wane ya koya mini. Yanzu ke da Khaula kuna so ku mayar da ni lamba, don alherina. Na gode da alherin. Ba na so. Wanda aka kora ni ne, ba ke ba, ba yayanki ba, kuma ni na ce a bar shi. In kin san yadda ake tsare rumbu ɓarawo bai shiga ba, koya mana. In ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, ba abin kunya ba ne. Wassalam."

Rabi, na yanke. Ƙaramar za mu ɗauka. Ban tabbata daidai na yi ba, kuma duk abin da kika faɗa a kan ɗakina da sunana na auna shi, gaskiya ne. Amma an riga an karɓe wa mutumin nan abu guda ta dalilina. Ba zan karɓe masa na biyu da hannuna ba.

In za ki taimaka, ina godiya. In ba za ki iya ba, ba zan riƙe ki a zuci ba.

Yayanki,
Mainassara

*

Yamai
Farkon Mayu

Yaya,

Ka gaya wa Baba Tassiou na sani. Kuma ka ce masa na gane tarkon da ya ɗana mini, na kuma faɗa.

Har yanzu ina ganin wahala kuka zaɓa. Amma in za a yi, a yi ta yadda zan iya barci. Sharuɗɗana ke nan.

Za a kulle cikin kwamfutar gaba ɗaya da kalmar sirri, ta yadda in an shigo an ɗauke ta, ƙarfe kawai aka ɗauka. Ka ce wa Nasirou ba ilimi na kulle ba, ƙofar gida na sa wa sakata. Duk wanda ya zo koyo ku buɗe masa.

Sunan mutum da na malaminsa ku bari, tun da kun rantse. Sunan gona kuwa sai an cire, a nan ba na ja da baya. Mutum ya faɗi zurfin rijiya da irin famfon, ya isa. Ba sunan Baba ne ya kore shi ba, sunan gonar maƙwabci ne.

Sannan dole a sami kwafi a wajen Libiya. Duk lokacin da wani amintacce zai dawo gida, ka zuba komai a memori, a kulle, ya kawo mini.

Ka samo kwamfutar, ka kira ni ranar da ba ka da aiki. Za mu bi abin daki-daki. Ka tanadi haƙuri, don ni ba ni da shi.

Rabi

*

Sabha
Watan Yuni

Rabiatou,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙurin tambayoyin da na yi ta maimaita miki a waya. Rumbu ya tashi. Yana kan bulo a kusurwar ɗaki, fankar da Tassiou ya gyara tana hura masa iska. Ya mutu mana sau da dama da wuta ta ɗauke, har sai da muka haɗa masa faranti da batir. Bincike a cikinsa bai kai na babbar ba, dole ni nake saurarar kowace murya in rubuta mata kai da hannuna. Aikin zai kai ni damina, in ana damina a nan.

Na je ofis na gaya wa Khaula da bakina. Ta ce, "Ka san ofis zai janye?"

Na ce na sani.

Ta ce, "Ina ganin kuskure kuke yi, Mainassara."

Na ce, "Mai yiwuwa ne, Malama. Amma namu ne."

Na roƙe ta ta goge duk abin da muka zuba a tasu ina kallo. Ta goge, ta juyo da allon ta nuna mini. Mun rabu da mutunci, sai dai ba ta yi murmushi ba, ni ma ban yi ba.

Maganar gona ta sha gardama, amma ta wuce. Sallaou da wasu sun cire sunayensu, ba wanda ya ce musu uffan.

Haj bai ba da jawaz ba. Limamin unguwarsu ya je, ya dawo hannu wofi. Tassiou ya ce ba zai tsufa a ɗakina yana jiran ran da wani zai huce ba. An samo masa takardar wucewa, zai bi motocin da ke gangarawa Agadas. Kafin tafiyar ya zauna gaban rumbun ya juye duk abin da ke kansa, har muryarsa ta dushe, kowane bayani da sunansa a gaba.

Shi zai kawo miki memorin farko. Na ce ya ba direban motar Yamai in ya isa Agadas, don hanyar Gure daban take. Ya dai ƙulle shi a bakin rawaninsa. Kin san hanyar hamadar nan, ba sai na faɗa miki abin da nake tsoro ba. In kin ji wani abu, ko mene ne, ki sanar da ni.

Allah ya tsare mu baki ɗaya.

Mainassara

*

Yamai
Yuli

Yaya,

Ya iso. Da kansa, bai ba direba ba. Ya rame, amma lafiya lau, yana falo yanzu yana yi wa Seydou faɗa a kan famfon gidanmu.

Ya ƙi ba ni memorin. Ya ce ni Rabi in na mutu ko na yi fushi, wa zai san yadda ake buɗe shi? Sai na yi bayani da murya an sa a rumbu, kamar kowa. Na fara, ya tsayar da ni. Na sake farawa, ya sake tsayar da ni. Sai da na faɗi ko ni wace ce, da sunan matar da ta fara zaunar da ni gaban kwamfuta, sannan ya kwance bakin rawaninsa ya miƙo.

Na turo maka muryar. Ka sa ta, kada ka yanke komai.

Yanzu nawa sunan ma yana cikin ɗakin nan naka. Ka riƙa rufe ƙofa.

Ƙanwarka,
Rabiatou